Akwatin da Aka Raina

A ƙarshen watan Nuwamba na 2005 aka yi wani zaɓe a Bell, ɗan ƙaramin birni da ke kudu maso gabashin Los Angeles a jihar Kalifoniya ta Amurka. Mazaunansa sun kai kimanin 35,000, galibinsu talakawa 'yan ƙwadago masu asali daga Meziko da maƙwabtanta. Waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su cika 400 ba. Babu 'yan daba a bakin rumfa, babu gudu da akwati da rana tsaka. An yi zaɓe shiru, an ƙirga shiru, kowa ya kwana lafiya, alhali a wannan ranar ce aka miƙa mabuɗin baitulmalin birnin ga 'yan tsirarun mutane.

Na ɗauko wannan labari ne don in yi jayayya da wani ra'ayi da ya samu gindin zama a tsakanin masu ilimi, cewa zaɓen magajin gari da na kansila ƙaramin abu ne da bai cancanci mutum ya bar harkarsa ya shiga layi dominsa ba. Masu wannan ra'ayi sukan kwana ido biyu suna bin sakamakon zaɓen shugaban Amurka jiha bayan jiha, amma ka tambaye su sunan kansilan mazaɓarsu sai su yi maka dariya, kamar ka tambaye su sunan mai sharar kasuwa. A ganina wannan rainin shi ne babban jarin ɓarawon gwamnati, ya kuma fi masa 'yan daba amfani, domin ba ya biyan ko sisi a kansa.

Abin da aka tambayi mutanen Bell a ranar bai yi kama da abin tayar da hankali ba. Cewa aka yi, shin kun amince birninku ya riƙa tafiya da kundin dokokinsa na kansa, maimakon dokokin bai-ɗaya da jiha ta shimfiɗa wa birane? Wa zai ƙi 'yancin kai? Abin da ba a faɗa ba shi ne, a wannan shekarar jihar ta kafa dokar da ta taƙaita albashin kansiloli a biranen da ke ƙarƙashin dokokin bai-ɗaya. Ficewa daga wannan rukuni ita ce hanyar zille wa dokar. Aka kuma keɓe wa tambayar ranarta ita kaɗai, nesa da duk wani babban zaɓe da zai jawo jama'a. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma a nan ƙadangaren ne ya zaɓi ranar tsaga bangon.

Cikin 'yan shekaru kansilolin da aikinsu ba na cikakken lokaci ba ne suka koma ɗaukar kusan dala 100,000 a shekara, ta hanyar kwamitocin da wasunsu ke zama na 'yan mintoci a tashi. Manajan birnin, Robert Rizzo, wanda aka ɗauka aiki a 1993 kan dala 72,000, albashinsa ya kusa dala 800,000, wato kusan ninki biyu na albashin shugaban ƙasar Amurka. Shugaban 'yan sandan wannan ɗan birni yana karɓar fiye da abin da takwaransa na Los Angeles ke karɓa. Kuɗin kuwa daga aljihun masu wankin mota da masu aikin masana'anta suke fitowa, ta harajin gidaje da ya kasance cikin mafiya tsada a duk gundumar.

Sai batun bashi, wanda shi ya fi ci mini rai. Akwai wata al'ada a Amurka da na daɗe ina sha'awa: birni ba ya cin wani nau'in babban bashi sai ya tambayi masu zaɓe. A Kalifoniya, in majalisar birni na son sayar da takardun lamuni da za a biya daga harajin gidaje, dole kashi biyu cikin uku na masu ƙuri'a su amince. Hikimar a fili take. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, to wanda zai biya shi ya kamata a fara tambaya. A 2003 mutanen Bell suka amince da lamunin dala miliyan 70 bisa alkawarin filin wasanni da ɗakin karatu da sauran gine-ginen jama'a. Aka ciwo miliyan 50. Da mai binciken kuɗi na jihar ya buɗe littattafai a 2010, ya tarar babu wani tsayayyen tsari na kashe kuɗin, fiye da miliyan 20 na kwance a asusun da ba ya kawo riba alhali ruwan bashin na hauhawa, filin wasannin kuma bai tashi ba. Doka ta ce kashi biyu cikin uku, amma na waɗanda suka fito take nufi. In mutum tara suka zo, shida sun isa su ɗaura wa dubbai bashin da za a shekara da shekaru ana biya, har da jariran da ke goye a ranar.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba maganar banza ba ce. Da yawa daga mazauna Bell ba su da takardar zama 'yan ƙasa, saboda haka ba su da ƙuri'a. Wasu na aiki biyu a rana. Ɗora wa irin waɗannan laifi zalunci ne a kan zalunci. Na yarda, kuma ba su nake tuhuma ba. Laifi na farko na ɓarawo ne, na biyu na wanda ya tsara ranar zaɓe don kada a zo. Sai dai a kowane gari akwai malamin makaranta, akwai mai shago, akwai limami ko fasto, akwai ɗalibin jami'a, mutanen da suka iya karanta takarda suka kuma san ma'anar tambayar da ke kanta. Masu rajistar zaɓe a Bell dubbai ne. Ina suka shiga? Shekara biyar aka kwashe ana wannan ɓarna kafin wasu 'yan jarida biyu na Los Angeles Times, Jeff Gottlieb da Ruben Vives, su gano ta a watan Yulin 2010, su ma ɗin suna bin diddigin rikicin birnin Maywood da ke maƙwabtaka ne suka yi tuntuɓe da ita. Albashin nan a rubuce yake tun farko. Masu tambaya ne suka yi ƙaranci.

Mai karatu ɗan Najeriya zai iya cewa wannan matsalar masu ƙoshi ce, su da ake ƙirga ƙuri'unsu. Mu nan an san sakamako tun kafin a buga takardun zaɓe. Hujjarsa mai ƙarfi ce. A Janairun 2021 jam'iyyar APC mai mulkin Kano a lokacin ta lashe kujerun shugabannin ƙananan hukumomi 44 gaba ɗaya. A Oktoban 2024 NNPP mai mulki a lokacin ta lashe 44 ɗin nan gaba ɗaya, ta haɗa da kujerun kansiloli 484. Jama'ar ba su sauya ba, mai riƙe da gidan gwamnati ne ya sauya. Haka abin yake a yawancin jihohi, ko wace jam'iyya ke sama, tun da gwamna ne ke naɗa hukumar zaɓen jiha.

Amma wannan hujja tana cin kanta. Hukumar zaɓen jiha na iya rubuta abin da ta ga dama ne saboda ta san rumfuna fayau suke, babu idon da zai ƙaryata ta. Mu kuma muna ƙin zuwa saboda mun san za ta rubuta abin da ta ga dama. Gwamna ba zai taɓa warware wannan ƙulli ba, don shi yake yi wa amfani. A Abuja, inda hukumar zaɓe ta ƙasa ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi shida, a Fabrairun 2022 APC ta ci uku, PDP ta ci uku. Ashe ba wani hali ne a jininmu ba. Yanzu kuma da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta kantomomin riƙo, kujerar da muke rainawa ta ƙara tsada. Duk ranar da hukuncin ya fara aiki sosai, kuɗin kasuwa da tasha da kwasar shara da asibitin sha-ka-tafi da makarantar firamare za su sauka a hannun mutumin da ba mu zaɓa ba, ba mu kuma san fuskarsa ba. 'Yancin ƙaramar hukuma ba tare da masu sa ido ba, shi ne ainihin abin da Bell ta samu a 2005.

Mutanen Bell sun farka daga baya. A Satumban 2010 aka kama jami'ai takwas. A Maris na 2011 aka fito zaɓen kiranye, aka share majalisar, aka zaɓi sababbin fuskoki. Kotu ta samu tsofaffin kansiloli biyar da laifi a 2013, cikinsu har da magajin gari Oscar Hernandez, a 2014 kuma aka yanke wa Rizzo ɗaurin shekara 12. Jaridar ta samu lambar yabo ta Pulitzer. An mayar wa masu gidaje wani ɓangare na harajin da aka karɓa ba bisa doka ba. Lamunin miliyan 50 kuwa babu alƙalin da ya soke shi, domin da ƙuri'ar jama'a aka ciwo shi, kuma sabuwar majalisar ta hau kujera ta tarar da shi yana jiran ta.