Kukan Yaro a Gidan Haya

Maganar da ake raɗawa a bakin famfo, yau za mu yi ta a fili. A gidan haya, inda ɗaki goma ke haɗa tsakar gida ɗaya, ba mai cewa bai ji ba. Maƙwabci ya hau ɗan shekara 4 da wayar lantarki, ko uwa ta zuba wa 'yarta barkono a ido don ta taɓa naman miya, sai kowa ya ja labule ya ce, "Ai ɗansa ne." To, ɗansa ne, amma wannan ya wuce horo.

Ga shawararmu. Kada a tare mutum gaban jama'a, gama wanda aka kunyata, a kan yaron zai huce da dare. A sami tsohuwar da yake jin nauyinta, ko maigidan, su same shi a ɗaki. Sau da yawa bashin haya ne ke cinsa. In ya ƙi ji, sai Liman da Sarkin Zongo.

Amma in an ga ƙuna, ko karaya, ko yaro yana kwana da yunwa, ba a jiran sulhu. Dokar Yara ta Gana ta 1998 ta wajabta wa wanda ya sani ya sanar da ofishin jin daɗin jama'a, 'yan sanda kuma suna da sashen DOVVSU domin haka. Wasu za su ce an kai ɗan'uwa ƙara wurin hukuma. Yaron ma namu ne, kuma ba zai iya zuwa da ƙafarsa ba.