Allon da Ya Cika Ba Ya Karantuwa



Kwanakin baya na raka mai gidana wani taron masana a Akara. An gayyaci dattawa ne saboda za a gabatar da maƙala a kan Alhaji Umaru na Kete-Karachi, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna Salaga, ya bar ta bayan yaƙin basasar 1892, ya rasu a 1934. Dattawa suka sha rawani, suka zauna sahun gaba, suna ɗokin jin labarin malamin kakanninsu.

Minti 15 aka ba mai maƙala, ya zo da shafi sama da 30 na majigi. Kowane shafi cunkushe yake da baƙi kamar takardar kotu. Ya juya mana ƙeya yana karanta bango, kafin ido ya kai layi na uku ya wuce gaba. Hoton rubutun hannun malamin, abin da ya taso da mu daga gida, an matse shi a kusurwa bai fi kan sarki girma ba. Da ya kawo baiti cikin ajami, sai na'ura ta tsinke haruffan ta jera su daga hagu, ba a iya ko haɗa baƙi. Mai gida ya karkato ya ce, "Magatakarda, me aka ce?" Na rasa amsa, ni da na ji Turancin.

Na san uzurin da ake kawowa: wai bincike mai zurfi ne, dole a baje hujja. Ban karɓa ba. Mazaunin hujja maƙala ce, mai so ya karanta ta a ɗakinsa. Wanda ya kwashe maƙalarsa ya juye a bango bai yanke shawarar abin da zai faɗa ba, sai ya ɗora wa jama'a aikin tacewa. Wani kuma, a gafarce ni, yana fakewa ne da yawan baƙi don kada a gane binciken bai nuna ba.

Abin takaici, wannan fasaha tamu ce tun kafin a ƙera majigi. Malamin allo ba ya rubuta wa ƙolo izu guda. Yana ɗora masa gwargwadon abin da zai iya ɗauka, da manyan baƙaƙe, ba a wankewa sai ya biya. Ku buɗe tsohon littafin hannu ku duba: matani a tsakiya da tazara tsakanin layuka, wasula da jar tawada, sharhi a gefe da ƙananan haruffa ga mai neman ƙari. Marubucin ya san abin da ido zai fara faɗawa a kai. Shafin majigi ma haka yake so: magana ɗaya, hoto ɗaya babba, sauran bayani a bakin mai jawabi, fuskarsa tana kallon mutane.

Fostocin da aka liƙa a baranda kuwa, jaridu ne kawai aka miƙar tsaye. Mai wucewa da kofin shayi a hannu ba zai tsaya karanta sakin layi goma ba. Idan take bai faɗi abin da aka gano ba, kuma ba a iya karanta shi daga taku uku, an yi asarar kuɗin bugu.

Ga masu shirya taro: in za ku kira dattawanmu, ku sa layin Hausa ɗaya a kowane shafi, da ɓ da ɗ da ƙ yadda suke. Ku gwada ajamin a na'urar zauren tun da safe. Ni dai takardar gayyata ta gaba da ta iso hannuna, sai na nemi ganin shafukan kafin in ba mai gida shawarar shiga mota.