Inda Itatuwa Suka Ƙare

A arewa maso gabashin Amurka, cikin jihar New Hampshire, akwai dutsen da ake kira Washington. Tsayinsa mita 1,917 ne kacal, wanda bai taka kara ya karya ba idan aka jera shi da manyan duwatsun duniya. Tun 1861 aka yi masa hanya har ƙololuwa, aka kuma ƙara masa layin dogo a 1869. Da bazara, tsoho mai sanda ma yakan je can a mota ya sha shayi ya dawo. Amma daga 1849 zuwa yau, fiye da mutum 150 ne suka rasa rayukansu a kansa da kewayensa.

Mai hawa da hunturu yakan taso daga Pinkham Notch tun duku-duku, ya yi awanni yana ratsa kurmi, itatuwa suna kare shi daga iska, har gumi ya keto masa. A wajen mita 1,300 sai itatuwan su fara gajarta, su tanƙware, su koma kamar kalgon da awaki suka addaba, daga nan kuma su ƙare ƙaƙaf. Abin da ya hana itace tsayuwa a wurin shi ne ke jiran ɗan Adam. A daidai nan hukumar kula da dazuzzuka ta kafa alluna masu ruwan ɗorawa da ke gargaɗin cewa mutane da yawa sun mutu a gaba saboda sanyi, har ma da rani, don haka a juya idan yanayi ya ɓaci.

Ba cika baki allunan suke yi ba. Ranar 12 ga Afrilun 1934, ma'aikatan tashar nazarin yanayi da ke ƙololuwar suka auna iska mai gudun kilomita 372 a awa guda, kuma sai a 1996 aka auna wadda ta fi ta, a wani tsibiri na Ostireliya. A farkon Fabrairun 2023 sanyi ya kai digiri 44 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Idan aka haɗa da ƙarfin iska, abin da jiki ke ji ya kai 78. Fatar da ke buɗe takan daskare cikin 'yan mintoci. Gumin da aka yi a kurmi kuwa shi ne abokin gaba na farko, domin rigar da ta jiƙe tana zuƙe ɗumin jiki. Idan hazo ya haɗu da dusar ƙanƙara, sama da ƙasa sukan zama fari ɗaya, tsibin duwatsun da aka jera don nuna hanya su ɓace wa ido.

A Janairun 1982 wasu matasa biyu, Hugh Herr mai shekara 17 da abokinsa Jeff Batzer, suka gama hawan wani kwazazzabo mai ƙanƙara, maimakon su sauko sai suka nufi ƙololuwa. Guguwa ta rufe su, suka ɓata, suka gangara wani kwari na daban inda suka kwana uku. An tsince su da rai. Herr ya rasa ƙafafunsa biyu daga ƙasan gwiwa, kuma yau farfesa ne a jami'ar MIT, gwani wajen ƙera ƙafafun roba masu aiki da lantarki. Wannan ɓangaren labarin kowa ya fi son bayarwa. Ɗayan ɓangaren shi ne Albert Dow, ɗan sa-kai mai shekara 28, wanda zaftarewar ƙanƙara ta binne yana cikin neman su. Herr ya sha faɗa cewa mutuwar Dow ce ta zame masa bashin da yake ƙoƙarin biya da aikinsa.

A nan ne nake rabuwa da masu cewa rai na mai shi ne, kowa ya yi da nasa yadda ya ga dama. Wanda ya wuce allon nan iska tana kaɗawa, ya ɗora wa wasu nauyin da ba su nema ba: malamin makaranta ko kafinta da za a tasa daga barci ya ɗauki igiya ya bi sawunsa cikin dare.

Jihar New Hampshire ta ɗauki matakin da jihohi kaɗan suka ɗauka. Dokarta ta ba da damar a caji mutum kuɗin cetonsa idan aka tabbatar sakaci ne ya jefa shi cikin hatsari, kuma tun 2015 ana sayar da wani kati mai suna Hike Safe, wanda kuɗinsa ke shiga asusun aikin ceto, yake kuma sauke wa mai shi wannan cajin matuƙar bai yi ganganci ba. Masu suka na cewa tsoron tara zai sa wanda ya ɓata ya jinkirta neman taimako har dare ya yi, aikin ya ƙara tsanani. Hujja ce mai nauyi, ban kuma raina ta ba. Duk da haka ina tare da dokar, saboda ba ta hukunta wanda ya shirya tsaf ƙaddara ta faɗa masa. Wanda ya hau ba fitila, ba ƙarafan takalmi masu cizon ƙanƙara, bai ko duba hasashen yanayi ba, shi take nema.

Ƙwararrun masu hawa suna da wata al'ada da ta fi tara amfani. Tun a gindin dutse sukan yanke lokacin juyawa, a ce ƙarfe ɗaya na rana, ko an kai ko ba a kai ba, domin a ƙarshen Disamba rana kan faɗi da ɗan wuce ƙarfe huɗu. Sun san sanyi yana taɓa hankali kafin ya kayar da jiki, mutum ya riƙa yanke shawara irin ta mashayi, shi ya sa ba sa barin hukuncin sai an je sama. Wanda ma ya kai ƙololuwar ba zai tarar da mafaka ba, domin da hunturu ginin baƙi a rufe yake, kuma saura tafiyar fiye da kilomita 6 kafin ya koma inda ya bar motarsa.