Biyan bashi da bashi: a yi lissafi kafin a sa hannu



An yanke hatsi, an ɗaure dammuna. Amma a garuruwa da yawa, kafin damin farko ya shiga rumbu, mai bin bashi ya riga ya iso bakin masussuka da buhunansa. Wani ya ci bashin ne a watan Yuli don ya sayi iri da takin zamani. Wani rumbunsa ne ya ƙare ana tsakiyar noma. Wani kuwa yaro ne ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro aka kai shi likita. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Cin bashi ba abin kunya ba ne. Abin tsoro shi ne bashin da ruwansa ke hauhawa, magidanci ya shekara yana biya, uwar kuɗin tana nan ba ta motsa ba.

Irin wannan magidanci akan ba shi shawara a ce: "Je ka asusu ka karɓi bashi mai sauƙin ruwa, ka sallami wannan ɗan kasuwa ka huta." Shawarar na da kyau. Sai dai na ga waɗanda ta fitar, na kuma ga waɗanda ta ƙara dulmuyarwa. Ra'ayina shi ne: sauya wa bashi gida ruwa kawai yake ragewa, ba ya rage ko dala ɗaya cikin uwar kuɗi. Ba ya amfanar kowa sai wanda ya yi lissafi, ya kuma san ranar da zai gama biya.

Kowa ya san addini ya hana riba. Wannan magana ba kira ba ce a shiga bashi mai ruwa. Magana ce da wanda ya riga ya faɗa ciki, yana neman hanyar fita da ƙaramar asara.

Yadda ake yi a Amurka

Ba mu kaɗai muka san wannan dubara ba. A Amurka da Ingila bankuna sun mai da ita sana'a. Da yake komi nasu a rubuce yake, a can ne aka fi ganin amfaninta da tarkonta a fili. Don haka bari mu leƙa can kafin mu dawo gida.

A waɗannan ƙasashe mutane na sayayya da wani ɗan kati da banki ke bayarwa, katin bashi. Banki ya biya maka, kai kuma ka biya banki a ƙarshen wata. In ba ka biya duka ba, abin da ya rage sai ya fara ruwa. A shekarar 2024 ruwan irin wannan kati a Amurka ya haura kashi 20 bisa 100 a shekara. To, sai wani banki dabam ya ce wa mai bashi: "Dawo da bashinka wurinmu, mun ɗauke maka ruwa har tsawon wata 12, ko 15, ko 18." Amma kafin a ɗauko bashin sai an ɗora masa kuɗin ƙaura, galibi kashi 3 zuwa 5 bisa 100.

Mu ɗauki misali da kuɗinsu, dalar Amurka. Ana bin mutum dala 3000, ruwa kashi 24 bisa 100 a shekara, watau wajen dala 60 kowane wata. Ya koma sabon banki mai rangwamen wata 15, kuɗin ƙaura kashi 3 bisa 100, watau dala 90. Bashinsa ya zama 3090. In ya raba wannan gida 15, yana biyan 206 kowane wata, ranar da rangwame ya ƙare shi ma ya gama. Wannan ya ci riba ƙwarai.

Ga kuma wani, da ya ga ruwa ya tsaya sai ya saki jiki, yana biyan 60 kawai kamar yadda ya saba. Bayan wata 15 ya biya 900, saura 2190, kuma ruwa mai tsada ya dawo. In kuma cikin wannan lokaci ya ci gaba da sayayya da tsohon katin, to bashi ɗaya ya zama biyu. Haka nan jinkirin biya na iya sa banki ya soke rangwamen. Tsugune ba ta ƙare ba, an saida kare an sayi biri.

Banki bai yi wa kowa ƙarya ba, komi na cikin takarda. Bambancin mutanen biyu lissafi ne. Mu a nan kaɗan ne ke da irin wannan kati, amma tsakanin ɗan kasuwa da asusu da ƙungiya muna yin wannan ƙaura kullum. Kafin a yi ta, ga tambayoyi huɗu da ya kamata a samu amsarsu.

1. Ruwan nawa ne, kuma a wata ne ko a shekara?

Nan ne aka fi ruɗa mutane. Wani ya ce maka kashi 10 bisa 100, wani ya ce kashi 24. Da jin haka sai ka ɗauka na farko ya fi sauƙi. Amma in 10 ɗin nan a wata ne, a shekara ya zama 120. In 24 ɗin kuwa a shekara ne, a wata bai wuce 2 ba. Kada a yarda da lamba sai an ji lokacinta.

Bashin da ake biya da hatsi shi ma yana da ruwa, ko da ba a ambace shi ba. Mu ce a watan Agusta ka karɓi jika 12 bisa sharaɗin za ka ba da buhun hatsi na tiya 40 da kaka. Da kaka ta yi, buhu na jika 18 a kasuwa. Ka biya ruwan jika 6 kenan cikin wata 3, rabin abin da ka karɓa. In aka auna shi da shekara, kashi 200 bisa 100 ne. Kuma buhun da ya fita hannunka da araha, shi ne za ka sake nema da tsada in bazara ta yi.

A sani kuma bankuna da asusun ajiya da bashi masu izinin hukuma suna da iyakar da doka ta gindaya masu. A farkon shekarar 2014 ƙasashenmu masu amfani da kuɗin sefa na Afirka ta Yamma sun rage wannan iyaka: ta bankuna daga kashi 18 zuwa 15 bisa 100 a shekara, ta asusu daga 27 zuwa 24. Ana auna ta ne da ruwa haɗe da sauran kuɗaɗen da aka ɗora wa bashin. Saboda haka haƙƙinka ne ka ce wa ma'aikacin asusu: "Malam, in na karɓi jika 50, jika nawa zan maido gaba ɗaya?" Ya faɗa, ya kuma rubuta.

2. Nawa ne kuɗin ƙaura?

Babu ƙaurar da ba ta da ɗawainiya. Akwai kuɗin shiga asusu, da na hoto da takardu, da kuɗin mota zuwa gari da dawowa, wani lokaci sau biyu ko uku. Wani asusun yakan ce sai ka ajiye wani kaso na kuɗin a matsayin lamuni, ba za ka taɓa shi ba sai ka gama biya. Duk wannan a haɗa shi cikin lissafi.

Misali: ana bin ka jika 50, kana biyan ruwan jika 5 kowane wata. Asusu ya ce zai ba ka jika 50 ɗin da ruwan jika 1 a wata. Ɗawainiyar shiga da zirga-zirga ta ci jika 4. In sai bayan wata 6 za ka iya biya, zama wurin ɗan kasuwa zai ci maka jika 30, komawa asusu kuwa jika 10. Ka tsira da jika 20, kuɗin da zai ciyar da gida kwanaki masu yawa. Amma in wata ɗaya ya rage ka saida wakenka ka biya, zama jika 5 ne, ƙaura ma jika 5. Babu riba sai wahala. Ƙaura na amfanar bashi mai nauyi ne wanda tafiyarsa ke da sauran nisa.

3. Yaushe ne ranar biya, kuma daga ina kuɗin za su fito?

Ma'aikaci na samun kuɗi kowane wata, mai tuyar ƙosai kowace safiya. Manomi kuwa yana da lokutansa: kaka, ko lokacin cirar albasa ga masu noman rani irin na Galmi da kewaye, ko gab da Babbar Salla ga mai turkar rago. Bashin da ake biya wata-wata, komi sauƙin ruwansa, tarko ne ga wanda kuɗi ba sa shigo masa wata-wata. Ranar biya za ta zo hannunsa babu komi, tara ta hau kansa, ya koma wurin ɗan kasuwar nan ya ranto abin da zai kai wa asusu. Shi ne gudun gara faɗa wa zago.

A nemi wa'adin da ya dace da lokacin samu. A rubuta ranar, a rubuta kusa da ita abin da za a saida a biya: buhun wake kaza, ko gujiya, ko rago. In babu abin rubutawa a nan, to ba a shirya wa ƙaura ba.

4. Mi za a riƙe in na kasa?

Wannan tambaya ta fi sauran nauyi. Bashin da aka ba ka bisa amana, in ka kasa, za a kai ka gaban maigari, a yi maka faɗa, a ƙara maka lokaci. Bashin da aka ba ka bisa jinginar gona, in ka kasa, gonar ce za ta tafi. Kada sauƙin ruwa ya sa magidanci ya fitar da bashinsa daga inda babu jingina ya kai shi inda za a riƙe gonar da ƴaƴansa za su gada. Haka nan bashin da ƙungiya ta tsaya wa mutum: in ya kasa, maƙwabtansa ne za su biya, zumunci ya lalace. A san wannan tun kafin a dangwala yatsa.

Ina za a koma?

Kafin a nemi sabon mai ba da bashi, a fara gwada hanyoyin da ba su da ruwa. A je wurin mai bin bashin da wani dattijo, a roƙe shi ya tsaida ruwan, a yanka masa uwar kuɗin kashi-kashi. Da yawa sukan yarda, don sun fi son kuɗinsu su dawo da a yi ta shari'a. A nemi rance wurin ɗan uwa. A duba ko akuya ɗaya za ta kashe bashin. Saida akuya na da zafi, amma ruwan jika 5 a wata zai cinye kuɗinta cikin ƴan watanni, bashin kuma yana nan.

In waɗannan ba su yiwu ba, akwai ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka fara a jihar Maraɗi a shekarar 1991 da tallafin ƙungiyar CARE. Mata na zuba kuɗi kowane mako, suna ba juna bashi daga akwatinsu. Da yawa cikinsu kan ɗora kashi 10 bisa 100 a wata. Ruwan na komawa akwati a raba wa masu zubi, wannan alheri ne. Amma bashi ne na gajeren lokaci, na ƴar sana'a. Bai dace a kai masa tsohon bashin da za a yi wata 6 ana biya ba.

Ga mai hatsi a hannu da kaka, akwai tsarin da ake kira warantaji, wanda ya bazu a ƙasarmu tun daga shekarar 1999 ta hanyar wani shiri na hukumar FAO. Ƙungiyar manoma na tara amfanin gona a mangaza mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusu. Asusu ya ba manomi bashin wani kaso na darajar buhunansa. Da wannan kuɗi yana iya sallamar mai bin sa, hatsinsa kuma na nan a kulle. Bayan wasu watanni ya biya, ya karɓi abinsa lokacin da cimaka ta yi tsada. Amma a tuna akwai kuɗin ajiya da na buhu, kuma akwai shekarar da farashi ba ya tashi yadda aka sa rai. Nan ma sai lissafi.

A rufe tsohuwar ƙofa

Wasu za su ce ɗan kasuwa ya fi asusu sauƙin kai: ba ya neman hoto, ba ya neman takarda, ko tsakar dare ka buga masa ƙofa zai ba ka. Gaskiya ne, shi ya sa ban ce a rabu da shi da faɗa ba. Amma wannan sauƙi nasa shi ne ke maido mutane. Na san magidancin da ya karɓi kuɗin asusu don ya kashe bashi, ya kai rabi, rabin ya shiga hidimar suna. Da damana ta yi, mutum biyu ke bin sa, rumbu babu komi, yara na rama.

Saboda haka ranar da kuɗin suka shigo hannu, a ranar za a kai su duka, gaban shaidu biyu, a karɓi takardar da ke nuna an biya. Sa'an nan a ci gaba da ware abin da aka saba warewa kowane wata ko kowace kasuwa, yanzu yana tafiya ga uwar kuɗi maimakon ruwa. Uwargida ma ta san lissafin, don ita ce ke auna tiya kowace rana, ita ta san abin da gida zai iya ɗauka.

Ƴan uwa, a ɗauki takarda a ja layi a tsakiya. Gefe ɗaya a rubuta abin da za a biya in an zauna, ɗayan gefen abin da za a biya in an ƙaura, har zuwa ranar ƙarshe. Wanda bai iya ba ya nemi ɗansa ko maƙwabcinsa ya taya shi. Gefen da ya fi ƙanƙanta, wanda kuma bai taɓa gona ba, shi za a bi.

Allah ya raba mu da nauyin bashi, ya sa albarka cikin rumbunanmu.