RA'AYINMU: Ƙawance Ko Ƙwadago?



'Yan uwa Musulmi, manyan kamfanonin ƙasashe ma'abota girman kai a yau ba su cika ƙera kayansu da hannunsu ba. Sukan nemi masana'antu a ƙasashe masu tasowa su ƙulla abin da suke kira ƙawance: wannan ya yi gilashi, wancan ya yi batir, wani kuma ya harhaɗa. Sunan kaya da zanensa da kaso mafi tsoka na riba suna hannun uban gida, gumi da wahala kuwa suna wuyan raunana. Wayar iPhone ta kamfanin Apple na Amurka, alal misali, kamfanin Foxconn na Taiwan ke harhaɗa mafi yawanta, kuma ba a manta yadda ma'aikatansa a Shenzhen ta ƙasar Sin suka riƙa faɗowa daga bene suna kashe kansu a 2010 ba.

To, amma gaskiya ɗaya ce, ba kowa aka yi wa wayo ba. Lokacin da Volkswagen na Jamus ya sa hannu kan haɗin gwiwa a Shanghai a 1984, mahukuntan Sin sun tsaya kai da fata cewa sai an riƙa ƙera sassan motar a gida. Da fari kusan komai daga waje yake zuwa, amma cikin shekara goma mafi yawan sassan motar Santana 'yan ƙasa ke yin su. Indiya ma haka ta yi da Suzuki na Japan, wanda motarsu ta Maruti ta fito a 1983.

Mu fa? Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna tun 1975, wato mun riga waɗannan biyun farawa. Sai dai muhimman sassan daga Faransa ake kawo su cikin akwatuna, namu ɗaure kusa. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da aka soma a 1979 don ciyar da irin waɗannan masana'antu har yau bai kammalu ba, kuma ba Bature ne ya wawure kuɗinsa shi kaɗai ba. Da aka karya darajar naira a ƙarƙashin shirin SAP a 1986, sassan suka yi tsada, motar ta gagari ma'aikaci, motocin Kwatano suka cika mana tituna.