Alƙawari Kaya Ne: Abin da Ke Sa Masu Sharhi Juya wa Shirin da Suka Yaba Baya

Ranar 19 ga Mayu, 2019, tashar HBO ta Amurka ta nuna kashi na ƙarshe na Game of Thrones. Mutum miliyan 19.3 ne suka kalle shi a wannan dare, adadin da tashar ba ta taɓa gani ba a tarihinta. Bayan wata huɗu kuma, wannan zango na takwas ya ɗauki kyautar Emmy ta gwarzon wasan kwaikwayo na shekara. Amma a shafin Rotten Tomatoes, inda ake tattara hukuncin masu sharhi, zangon ya kasa kai maki 60 cikin 100, alhali zanguna bakwai da suka gabace shi kowanne ya kai kusan 90 ko ya haura.

Duk lokacin da irin wannan giɓi ya bayyana, amsar masu shiri da magoya bayansu ɗaya ce, a Hollywood ne ko a Kannywood: jama'a sun kalla, kuɗi sun shigo, mai sharhi kuwa mutum ne da ba a iya masa. Amsa ce mai daɗin faɗa, sai dai ba ta da ƙafar tsayuwa. Waɗanda suka soki zango na takwas su ne dai suka shafe shekaru suna kambama shirin, kuma ma'auninsu bai canza ba. Shirin ne ya saɓa alƙawarin da ya ɗauka da bakinsa, kuma saɓa alƙawari shi ne babban abin da ke ɓata wa mai sharhi rai a kowane shiri mai dogon zango.

Alƙawarin da kowane shiri ke ɗauka

Tun daga kashin farko, kowane labari yana shimfiɗa wa kansa dokoki: irin duniyar da ake ciki, abin da zai yiwu a cikinta, da halin kowane mutum. Mai kallo yana ba da lokacinsa mako bayan mako bisa amincewar cewa za a mutunta waɗannan dokoki. Dokar Game of Thrones a fili take: kowane aiki yana da sakamako, kuma babu wanda ya fi ƙarfin mutuwa. A kashi na tara na zangon farko, a 2011, aka fille kan Ned Stark, mutumin da kowa ya ɗauka shi ne jigon labarin. A 2013 aka yi wa ɗansa Robb da mahaifiyarsa kisan gilla a wajen biki. Masu kallo sun yi kuka, wasu sun rantse sun daina kallo, amma masu sharhi sun yaba. Sun yaba ne domin duk wanda ya waiwaya baya zai ga yadda kowace mutuwa ta tsiro daga shawarar da mamacin ya yanke. Ned ya nuna wa maƙiyansa gaskiya a inda gaskiya ke kashe mai ita. Robb ya karya alƙawarin aure da ya yi wa gidan Frey, sai ya girbi abin da ya shuka.

Wannan ya isa ya rushe zargin cewa masu sharhi ƙarshe mai daɗi suke nema. Ɗaci bai taɓa damunsu ba matuƙar yana da tushe a cikin labarin.

A zanguna biyu na ƙarshe tushen ne ya ɓace. Tafiyar da a da take cin rabin zango, mutane suna cin karo da 'yan fashi da yunwa a hanya, ta koma abin da ake yi tsakanin fage da fage. Rundunar matattu, wadda aka fara tsoratar da mai kallo da ita tun a mintunan farko na kashin farko, an gama da ita a dare ɗaya a kashi na uku na zangon ƙarshe. Daenerys, wadda aka shafe shekaru ana nuna ta tana 'yanta bayi, ta ƙone birnin King's Landing da mata da yara bayan birnin ya riga ya miƙa wuya. Masu kare shirin suna cewa an daɗe ana nuna alamun zafin zuciyarta, kuma gaskiya ne an nuna. Amma tsakanin hukunta azzalumai da babbaka talakawan da suka sallama akwai doguwar hanya, kuma aikin marubuci shi ne ya bi da mai kallo ta wannan hanya taki-taki. A nan sai aka tsallake ta a kashi biyu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Littafi na biyar na George R. R. Martin ya fito a 2011, na shida bai biyo baya ba, don haka shirin ya wuce littattafan da yake dogaro da su. Sannan David Benioff da D. B. Weiss, jagororin shirin, suka zaɓi taƙaitawa: zanguna shida na farko kashi goma-goma ne, na bakwai ya zo da bakwai, na takwas da shida, duk da cewa Martin da kansa ya sha faɗin cewa labarin zai iya ɗaukar ƙarin zanguna. Kuɗi ba su yi ƙaranci ba, domin an kashe kimanin dala miliyan 15 a kan kowane kashi na zangon ƙarshe, an kuma shafe dare 55 ana ɗaukar yaƙin Winterfell. Lokacin da labari ke buƙata don ya nuna shi ne aka hana shi, sauri kuwa ya haifi nawa. Kofin gahawa na zamani da aka manta a kan tebur a kashi na huɗu ya zama abin dariya a duniya, amma da a ce labarin ya tsaya da ƙafarsa, da an yi dariyar kwana biyu an wuce. An riƙe shi ne domin ya yi daidai da abin da mutane suka riga suka ji a jikinsu, wato masu aikin sun ƙosa su tafi.

Ɗaya fuskar cutar

Gaggawa tana da kishiya, ita ce jan rai. Shirin barkwanci na How I Met Your Mother, wanda tashar CBS ta nuna daga 2005 zuwa 2014, an tsara ƙarshensa tun da wuri, har aka ɗauki wani ɓangare na fagen rufewa a 2006 kafin yaran da ke ciki su girma. Da shirin ya karɓu sai aka ci gaba da ƙara masa zango har ya kai tara, kashi 208. A tsawon waɗannan shekaru mutanen labarin sun sauya, dangantakarsu ta ɗauki wata hanya daban. An sadaukar da kusan dukkan zangon ƙarshe ga bikin auren Barney da Robin, sannan a kashin rufewa aka raba auren cikin mintuna, aka kashe uwar da aka shafe shekaru ana jiran gani, don kawai a koma ga ƙarshen da aka rubuta wa wani labari da ya riga ya shuɗe. Rigar yaro ce aka tilasta wa baligi.

Wanda ya taƙaita da wanda ya ja rai laifinsu iri ɗaya ne. Tsawon labarin ya fito daga wajen labarin, ko daga gajiyar masu shi ko daga lissafin masu talla, kuma mai sharhi yana ganin ɗinkin a inda aka yi shi.

Akwai shirye-shiryen da suka nuna cewa ana iya kauce wa wannan. Vince Gilligan ya fara Breaking Bad a 2008 da manufa ɗaya: a ga yadda malamin makaranta mai sanyin hali zai rikiɗe ya zama gawurtaccen mai laifi. Ya bi wannan rikiɗa sannu a hankali cikin kashi 62, ya rufe a 2013 lokacin da shirin ke kan ganiyarsa. The Sopranos kuwa ya ƙare a 2007 da baƙin allo a tsakiyar fage, har mutane da yawa suka zaci akwatin talabijin ɗinsu ne ya lalace. Masu kallo sun fusata, amma masu sharhi da dama sun kare wannan ƙarshe, domin shirin bai taɓa yi wa kowa alƙawarin warware komai ba. Rayuwar mutumin da kullum yake waiwaye don tsoron wanda zai shigo ta ƙofa ita aka nuna tun farko, kuma a kanta aka rufe.

Saura hujjar adadi, wadda ita ce mafi rauni duk da ita aka fi ɗagawa. Miliyoyin da suka zauna kallon kashin ƙarshe na Game of Thrones ba su san abin da ke cikinsa ba kafin su zauna. Adadinsu shaida ne ga ingancin shekarun baya, wato amanar da shirin ya tara. Hukuncinsu a kan abin da suka gani ya bayyana ne lokacin da sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke ta intanet suna neman a sake zangon gaba ɗaya. Ɗan kasuwar da ya cika rumfarsa da masu saye ranar da ya fara sayar da gurɓataccen kaya ba zai kafa hujja da cunkoson wannan rana ba.

Darasin da ya shafi Kano

Wannan magana ta shafi masana'antar fim ta Hausa kai tsaye, domin tun da kasuwar faifai ta durƙushe, shiri mai dogon zango ya zama abin dogaronta. Tashar Arewa24 ta buɗe hanya da Daɗin Kowa a 2015, Kwana Casa'in ya biyo baya a 2019, sannan Labarina da Izzar So suka mamaye gidaje da wayoyi daga 2020. Tsarin da ke ciyar da yawancin shirye-shiryen da suka biyo sahu, musamman na YouTube, yana biya ne gwargwadon yawan kallo da tallan da aka saka. A irin wannan tsari, rufe labarin da ya karɓu tamkar rufe shago ne, don haka jarabar jan rai tana da ƙarfi ƙwarai. Daga nan ake samun rigimar da magana ɗaya za ta warware amma a ja ta zango guda, da mugun da asirinsa ke gab da tonuwa a ƙarshen kowane kashi ba ya tonuwa, da gado ko kishiya ko ɓataccen ɗa da ake jefowa duk lokacin da zaren ya ƙare a hannun marubuci.

Masu shiri suna da uzuri na gaske. Jari kaɗan ne, ana rubutu ana ɗauka ana nunawa kusan a lokaci guda, kuma jarumi yana iya ficewa a tsakiyar tafiya, kamar yadda Nafisa Abdullahi ta bar Labarina har aka miƙa rawar Sumayya ga wata jarumar. Sai dai uzuri yana bayyana dalilin rauni ne, ba ya mai da raunin ya zama ƙarfi. Kuma sanin inda labari zai tsaya ba ya cin ko sisi. Labarina ɗin ma ya nuna hakan, domin daga baya ya rufe labarinsa na farko ya buɗe sabo da sababbin mutane a ƙarƙashin suna ɗaya, sunan bai mutu ba, masu kallo kuma ba su watse ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: marubucin da bai san ƙarshensa ba tun yana rubuta kashin farko, kasuwa ce za ta rubuta masa shi.

Abin da ya fi ƙarancin jari illa shi ne yadda ake karɓar suka. Wanda ya rubuta cewa wani zango ya yi sakwa-sakwa, nan da nan a kira shi mahassadi, ko a ce ya je ya shirya nasa a gani. Mai cin tuwo ba sai ya iya tuƙi ba kafin ya san akwai gudaji. Mai sharhi na ƙwarai shi ne mai kallon da bai manta ba. Yana riƙe da abin da aka faɗa a zango na ɗaya lokacin da ake ƙaryata shi a zango na biyar, yana kuma faɗin abin da dubban mutane ke ji a ransu kafin su yi shiru su koma wata tasha. Masana'antar da ta toshe bakin irin wannan mutum ta rasa mai gargaɗinta tun abin bai kai ga aljihu ba, alhali gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Mai shirin da ke son kauce wa fushin masu sharhi ba ya buƙatar dodanni masu aman wuta ko dala miliyan 15. Ya zauna da marubucinsa kafin a kunna kyamara, su amsa tambaya biyu: me aka yi wa mai kallo alƙawari, kuma kashi nawa ake buƙata don a cika shi. Idan amsar ashirin ce, kashi na ashirin da ɗaya bashi ne da aka ci da sunan mai kallo, kuma shi za a bari da biya da lokacinsa da kuɗin datarsa.