Sharhi: Yadda kuɗin dakon kaya ke ƙanƙancewa kafin su isa hannun masu tirela a Amurka

A watan Mayun 2020, lokacin da annobar korona ta durƙusar da harkokin kasuwanci, direbobin tireloli sun jera motocinsu a birnin Washington, kusa da fadar White House, suka shafe kwanaki suna danna hon. Kukansu shi ne farashin dakon kaya ya faɗi warwas, kuma suna zargin dillalan da ke haɗa su da masu kaya da ɗibar la'ada fiye da kima. Sun buƙaci a nuna musu nawa mai kaya ya biya, nawa kuma dillali ya riƙe.

Sai a watan Nuwamban 2024 hukumar FMCSA, mai sa ido kan manyan motoci a ƙarƙashin Ma'aikatar Sufurin Amurka, ta fitar da daftarin ƙa'ida da zai wajabta wa dillali miƙa bayanan ciniki cikin sa'o'i 48 idan an nema. Ƙungiyar OOIDA ta direbobi masu motar kansu, wadda aka kafa a 1973, tana cikin waɗanda suka kai koken tun 2020. Ƙungiyar dillalai ta TIA kuwa ta yi watsi da daftarin, tana mai cewa zai tona asirin cinikin da ke tsakanin mambobinta da masu kaya. Sai dai a tsakiyar wannan ja-in-ja akwai rukunin direbobin da ba a cika ambatonsu ba, wato waɗanda suka mallaki mota amma suke aiki da lasisin wani kamfani.

Asalin lamarin yana komawa ga shekarar 1980, lokacin da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu kan dokar da ta sassauta ikon gwamnati a kan farashin dako da kuma shiga sana'ar. Ƙananan kamfanoni suka yawaita, dillalai ma haka. A yau duk mai son ɗaukar kaya tsakanin jihohi da sunansa sai ya sami izinin hukuma, ya kuma yanki inshora mai tsada, musamman ga sabon shiga. Saboda haka direbobi da dama da suka sayi mota sukan ba da hayarta, su da kansu a kan sitiyari, ga kamfanin da ya riga ya mallaki izinin. Sunan kamfanin da lambarsa ake mannawa a ƙofar motar. Bashin motar, da man dizal, da tayoyi, da gyara, duk suna kan direban.

Kuɗin kuma ga hanyar da suke bi. Mai kaya yana biyan dillali, dillali ya cire nasa ya biya kamfani, kamfani ya cire nasa ya biya direba. A ce, domin misali kawai, mai kaya ya biya dala 2,500 a kai masa kaya daga Chicago zuwa Dallas. Dillali ya riƙe 400, ya ba kamfani aikin a kan 2,100. Idan yarjejeniyar direba ta ce kashi 75 cikin ɗari nasa ne, za a rubuta masa 1,575. Daga nan ne za a fara zaftarewa: man da ya sha da katin kamfani, kuɗin inshora, hayar bodin tirela idan ba nasa ba ne, kuɗin lambar mota, kuɗin na'urar da ke ƙidaya sa'o'in tuƙi, da wani kaso da ake ajiyewa a matsayin jingina. Abin da ya saura shi ne zai biya bashin mota da haraji, domin a idon doka shi ɗan kwangila ne mai zaman kansa, ba ma'aikaci ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji masu iya magana, kodayake adalci ne a ce kamfanin ma yana ɗauke da nauyin haɗari da na neman aiki.

Ba wai doka ta yi shiru ba ne. Ƙa'idojin hayar mota na tarayya, waɗanda suka samo asali tun 1979, sun tanadi cewa dole yarjejeniya ta kasance a rubuce, a fayyace yadda za a lissafa ladan direba da duk abin da za a cire. Dole a biya shi cikin kwana 15 bayan ya miƙa takardun shaidar isar da kaya, ko dillali ya biya kamfanin ko bai biya ba. Ba a yarda a tilasta masa sayen kaya ko hidima daga kamfanin ba. Kuɗin jingina sai an ɗora musu riba, a kuma mayar da su cikin kwana 45 bayan an rabu. Mafi muhimmanci, idan bisa kaso ake biyansa, yana da haƙƙin ganin takardar da ke nuna ainihin kuɗin da aka caji a kan kayan.

Matsalar tana wajen tambayar nan: kashi 75 na wane kuɗi? Takardar da direba ke gani tana nuna abin da dillali ya ba kamfani ne kawai. Wasu kamfanonin dako suna da nasu reshen dillanci, kuma koken da direbobi suka daɗe suna yi shi ne kaya kan shigo ta wannan reshen, a yanki la'ada a can, sannan a miƙa wa reshen motoci a kan farashi mai rahusa. Ta haka gida ɗaya ya ci sau biyu, takardar da aka nuna wa direba kuma ba ta ƙunshi ƙarya ko ɗaya ba. Ƙa'idar da ta shafi dillalai ta daɗe da ba kowane ɓangare na ciniki damar duba bayanan da dillali ke ajiyewa tsawon shekara uku, amma dillalai da yawa sukan sa kamfanoni su yafe wannan haƙƙin a cikin kwangila, wanda ya nace kuma yana tsoron a daina ba shi aiki. Idan ƙaramin kamfani mai izinin kansa yana shakkar tambaya, ina ga direban da sunansa ma bai fito a cinikin ba?

Akwai kuma batun lokaci. Dillalai sukan biya bayan kimanin wata guda, don haka ƙananan kamfanoni kan sayar da takardun bashinsu ga masu ba da kuɗi nan take a kan ragi, wasu kuma su ɗora wa direba ragin. Haka kuɗin jira a wurin lodi da ƙarin da ake yi idan mai ya yi tsada: ko za su isa hannun direba cikakku ko a'a, yarjejeniya ce ke yanke hukunci. Jira kuwa asara ce ta gaske, tunda doka ta taƙaita tuƙi zuwa sa'o'i 11 a cikin zangon aiki na sa'o'i 14.

Duk waɗannan ba su cika damun kowa ba a 2021, lokacin da kaya suka fi motoci yawa. Daga 2022 kasuwa ta juya, dizal ya haura dala 5 kowace galan a tsakiyar shekarar, farashin dako kuma ya yi ƙasa. A watan Oktoban 2023 kamfanin dillanci na Convoy ya rufe ba zato, ya bar masu motoci suna bin bashi. Jinginar da doka ta ɗora wa dillali dala 75,000 ce, adadin da aka ɗaga daga 10,000 a dokar 2012, kuma ba ta taka kara ta karya idan masu bin bashi sun yi yawa. A watan Janairun 2025 wani kwamitin da Majalisar Dokokin Amurka ta sa a kafa ya ba da shawarar haramta tsarin da kamfani ke sayar wa direbansa mota bashi yana cirewa daga ladansa, bayan ya gano yadda da yawa ke ƙarewa ba mota ba kuɗi.

Daftarin sa'o'i 48 zai taimaki direban da ke aiki da izinin kansa, domin shi ne ke ƙulla ciniki da dillali kai tsaye. Direban haya kuwa, ko da daftarin ya zama ƙa'ida, kamfanin da ya manna masa suna a ƙofa ne zai iya neman bayanan, kuma idan reshen dillancin na kamfanin ne, to kansa zai tambaya. Muddin ba a faɗaɗa haƙƙin ya haɗa da mai motar ba, abin da ya rage masa shi ne ya nace a rubuta cikin yarjejeniya cewa kasonsa daga kuɗin da mai kaya ya biya za a lissafa shi, kuma a nuna masa takardar asali a duk ranar biya.